Ramar Safara'u Mai Waina

Duk wanda ya san Safara'u mai waina a Gagarawa shekarun baya, ya san mace ce da in ta shiga motar Gumel sai ta cinye mazaunin mutum biyu. Mutane na ce wa wannan hutu. Ita kaɗai ta san ƙishirwar da take sha, da fitsarin da ba ya barin ta zama gaban tanda, da idon da ya fara yi mata dishi-dishi. Da aka auna jininta a asibiti aka ce ciwon suga ne. Aka ɗora ta kan ƙwaya, aka ce ta rage tuwo, ta rabu da lemon kwalba, ta riƙa tafiyar ƙasa.

Ta kuwa bi. Kwaɗon zogale, wake, ɗan tuwo kamar dunƙulen hannu. Ko niƙa da ƙafarta take kaiwa. Jiki ya zube, ido ya washe, zane ya koma yana zagaye ta har da saura.

Sai bakin gari ya buɗe. Wasu suka ce jifa ne. Wasu suka ɗora wa ɗanta Gwadabe, direban babbar mota a hanyar Maigatari, wai yana dakon hatsin duniya uwarsa na komawa kara. A tasha, wani direba da ake ce wa Dogo ya mayar da Gwadabe abin hira.

Rannan Gwadabe ya zo da ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake tallarsu a faranti ranar kasuwa. Ya durƙusa ya roƙe ta ta sha, ko ya huta da gori.

"Inna, ba na iya ɗaga kai a tasha."

"To sunkuyar da shi, ɗan nan. Ƙafar da za a yanke tawa ce, ba ta 'yan tasha ba."

Amma ta ga yadda ya fita jiki a sanyaye, abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta yafa mayafi, ta taka har rumfar direbobi. Gwadabe ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ran nan ta kama, kowa yana ji. Ta ce Gwadabe bai taɓa barin tukunyarta ta bushe ba, ita ce ta ture kwanon, kuma gobe ma za ta ture. Mai son ganin uwa da teɓa ya je ya ɗura wa tasa.

Ta kwance bakin mayafi, ta danƙa wa Dogo ƙwayoyin ƙibar.

"Ungo. Na dube ka, ka fi ni bukata."

Rumfa ta kwashe da dariya. Gwadabe ya miƙe zai ɗauko babur ya mayar da ita gida, ta ce ya zauna cikin 'yan'uwansa, ba ta gama tafiyarta ta yau ba.