Wata na Ashirin da Uku

Sayar da motar nan ya fi ba ni wahala a kan zaman kason da ta jawo mini. Wata huɗu ina fama, ban ci abinci na ji daɗinsa ba. Ku samarinmu da ke shigowa harkar motoci a Greensboro, don ku nake rubuta wannan.

Ni bakanike ne daga Maraɗi. A aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, na shiga gareji. Da na zo ƙasar nan, Alhaji Isufu ne ya karɓe ni, dattijon garinmu mai filin sayar da tsofaffin motoci a kan High Point Road. Shi ke da lasisin dila, ni ke da hannu. Ya ba ni makullan wurin ba tare da ya tambayi kowa halina ba.

Da ƙananan abubuwa na fara. Fitilar da ke nuna inji na da matsala, sai in cire ƙwanta. Injin da ke ƙara, in zuba masa mai mai kauri ya yi shiru na kwana biyu. Daga baya na koyi mayar da mitar da ke ƙirga tafiyar mota baya. Alhaji bai sani ba. Yakan ce ina da albarka a hannu, ni kuma in ce amin.

Wata rana na je Sedgefield ɗaukar mota, sai na hangi wata a lulluɓe a garejin maƙwabta. Ƙirar shekarar saba'in ce, ƙofa biyu, ja da baƙin layi a kan bonet, irin masu ƙaton inji da tsofaffin Turawa ke hauka a kansu. Na saye ta da kuɗina, da araha, domin mai ita ya faɗa mini gaskiya: injin asali ya mutu tuntuni, wani aka sa.

Masu tara irin waɗannan motoci lamba suke saye. In lambar da ke jikin inji ta yi daidai da ta jikin mota, kuma akwai takardun tarihinta, kuɗinta kan ninka sau huɗu ko biyar. In ba haka ba, tsohuwar mota ce kawai. Na goge lambar injin, na buga wadda ta dace. Na samo tsohon littafin rasit na wani garejin da ya rufe, na rubuta canjin mai da gyaran birki na shekara da shekaru, na jiƙa takardun da ruwan shayi, na shanya su suka yi kamar sun tsufa.

Wajen sa farashi na sha wuya. In na yi ƙasa, za a ce me ya sa. In na yi sama, za a kawo gwani. Duk wanda ya bugo waya sai in ji kamar ɗan sanda ne. Wani ya zo ya durƙusa yana shinshina inji, na ce masa an riga an saya.

Alhaji ma bai yarda ba da farko. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce motar da aka ƙera ina yawo ba wando, ina na san asalinta? Na nuna masa takardun. Ya ce shi ba takarda ya tambaya ba.

"Ƙanena, dube ni. Akwai abin da zan ji kunya a cikinta?"

Na ce wallahi babu, Alhaji. Ya sa hannu aka sayar da ita da sunan filinsa.

Mai sayen wani tsohon Bature ne a Summerfield, mai dawaki uku da rumfa cike da motoci. Ya fito da tocila da ɗan madubi da maganaɗisu, ya kwanta ƙarƙashinta kusan awa guda. Lambar inji ta wuce. Muka zauna a kan teburin kicin, ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan wata. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Nijar. Ya ce Faransanci muke yi a makaranta ko? Na ce e, har ina murmushi, na zaci hira ce. Ya rubuta cek, ya raka ni bakin ƙofa.

Bayan sati biyu masu bincike suka zo filin. A ofishinsu suka ba ni farar takarda, suka ce in rubuta sunana da ranar haihuwata. Na rubuta. Sai suka ajiye rasit ɗaya a gefenta. A kansa na sa 23/4/71. Ɗayansu ya tambaye ni a hankali, wane wata ne na ashirin da uku?

Mutanen ƙasar nan wata suke fara rubutawa, sannan rana. Na sani, shekara nawa ina cika takardunsu. Amma da na zauna ƙirƙirar ƙarya, hannuna ya koma yadda malaminmu ya koya mini a lakwal: rana kafin wata, bakwai da ɗamara a tsakiya, ɗaya da dogon hanci. Ba bakaniken Amurka da ke rubutu haka. Takardata da rasit ɗin kamar tagwaye.

Shekara uku na yi a gidan kaso. Takardar ɗan ƙasa ce ta hana a tasa ƙeyata gida. Alhaji bai shiga kaso ba, na faɗa wa alƙali bai san komai ba, amma da aka tono maganar mitoci an karɓe lasisinsa. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya ya koma ɗaukar kwali a masana'anta. Wannan ya fi kason ci mini rai.

Ku ji ni. Kada ku cire ƙwan fitilar farko, daga nan ake farawa. In mota na da ciwo ku faɗa, ku rage kuɗi, ku yi barci. Kuma kada ku rantse wa wanda ya ba ku makulli a kan abin da kuka san ƙarya ne. Na tuba ga Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ranar da na fito, da la'asar, na kira Alhaji a waya. Ya gane muryata. Na ce gafara nake nema.

"Mu ma muna yi wa Allah laifi Ya yafe. Amma ba a waya ka rantse mini ba."

Ya kashe. Washegari da sassafe na yi wanka, na hau bas ta farko, na sauka a ƙofar masana'antar kafin masu aikin safe su shiga. Na tsaya inda ba yadda za a yi ya wuce bai gan ni ba.