Na'urar da Yaya Ya Jira

Da yayana ya gama karatun nukiliya a Turai, gidanmu na Tudun Wada ya dawo, aka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Ni nake kai masa abinci, saboda haka ni na fi kowa shan bayani. Ya ce tsakiyar ƙwayar zarra tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gama. Su kuma aikinsu kama hasken da na'ura, daga nan su gane siffar tsakiyar: wata mulmulalliya, wata kamar ƙwai. Inna ta yi dariya, ta ce ashe duk wannan karatu a kan ƙwai ya ƙare.

A jami'ar da ya samu aiki a nan gida, na'urar guda ce tak, kuma ba ta aiki sai an sanyaya ta da ruwan naitirojin da ake kawowa daga nesa a tulun ƙarfe. Yau akwai, gobe babu. In an samu ruwan, sai a ɗauke wuta ana tsakiyar awo. Wata rana ruwan ya ƙare tana kunne, wani abu ya ƙone a cikinta. Aka ce za a kai ta waje gyara. Aka lulluɓe ta da leda, aka ja ƙofa.

A shekarar ne abokan aikinsa na can Turai suka nemi ya koma. Baba ya rasu, Inna na kwance da shanyewar ɓarin jiki, shi ne babba. Ya ce su ɗan yi masa haƙuri. Ba su sake nemansa ba.

Sai ya koma zana na'urar da alli a kan allo, ga ɗaliban da ba su taɓa ganin tana aiki ba. Ya daina zancenta a gida.

Bayan rasuwar Inna na zo daga Hanwa, inda na koma da zama, na same shi a zaure, na ce tunda Allah ya yi nasa ikon, ya sake gwada komawa Turai mana. Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini wani dogon rubutu da mutanen can suka fitar kan sabbin na'urorinsu.

"Na karanta har na gaji, rabinsa ban gane ba," ya ce. "Sun wuce ni."

Na mayar masa da wayar. Sai a ranar na lura furfura ta cika masa gemu. Aka kira la'asar, ya jawo buta, ya daɗe riƙe da ita bai fara alwala ba.