Rigar da Na Ɗinka wa Ordinatarsa

Ordinatar maigidana, wato kwamfutarsa, ta fi ni gata a gidanmu na unguwar Lazaret a Yamai, kuma ni na ba ta gatan da hannuna. Ya saye ta lokacin da wani buro, wato ofis, ke sauya na'urorinsa, irin waɗanda kamfani ke haɗawa cikakku: akwatin ƙarfe baƙi siriri, da ekaran ɗinsa, allon da ke nuna hoto. Ranar da ya kawo ta, a ƙasa ya ajiye akwatin. Na dube shi, na dubi ƴan matanmu biyu da a lokacin ba abin da hannunsu bai kaiwa, na ce wannan ba za ta yi kwana uku lafiya ba. Sai na kwashe rabin kwanonin aurena daga bife, kabad ɗina mai ƙofar gilashi, na sa kafinta ya huda rami ɗaya a baya don wayoyi, na zaunar da ita a ciki.

Ban tsaya nan ba. Na yanki yadi shuɗi mai kauri na ɗinka mata riga daidai jikinta, gaba da baya da gefe, na bar ƙofar maɓalli da ta wayoyi kawai, na yi mata furanni da zare ja da rawaya. A gidan da na tashi, a ƙasar Gobir, ba a barin abu mai daraja tsirara. Rediyo na da rigarta, telebijin na da tata. Maigida ya yi dariya ya ce saura a nema mata miji. Shekara biyu ta yi tana aiki a haka, ba ta taɓa ko tari ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda damina ta ci amanar manoma, sojoji kuma suka karɓi mulki ana shirin shiga bazara. Ni ina koyarwa a lakkwal, shi kuma aikinsa zanen taswirar rijiyoyi a wani proje. Masu ɗaukar nauyin projen suka naɗe kayansu, wai sai sun ga inda mulki ya dosa, maigida ya dawo gida ya zauna. A kasuwar dabbobi da ke kusa da mu, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin hanya. Mata daga ƙauye suna sallama a ƙofa suna neman aikin daka ko wanki. Babana ma ya aiko cewa rumbu ya ga ƙasa tun kafin lokacinsa.

Ƙanen maigida yana Libiya yana aikin gini, kusan kullum sai ya kira ya ce yaya ya taho, akwai wuri. Mutumin da bai taɓa ɗaga bulo ba, wanda in ya hau moto, wato babur, da rana sai ya kwanta da ciwon kai, shi za a tura ƙetare hamada. Na ce wa maigida kada ma ya kawo mini zancen. Bai sake kawowa ba. Amma wata safiya ina shara, tsintsiya ta ci karo da wani abu a ƙarƙashin gado: tsohuwar jakar tafiyarsa, an goge ta, an shirya riguna uku da takardunsa a ciki. Na mayar da ita yadda take. Daga ranar ina shara ina kewaye ta, kuma tsoro bai sake barina ba.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta ce tana neman mai zana mata taswirar rijiyoyin da ke da sauran ruwa, don ta san waɗanda za a ƙara wa zurfi. Ta ba masu nema kwana goma kowa ya kawo gwajinsa. Aikin da hotunan tauraron ɗan adam ake yin sa, manya-manya, ordinatarmu kuwa da ya buɗe ɗaya sai ta tsaya cik tana tunani. Aka ce masa katin hoto zai ƙara mata, wanda suke ce wa kart girafik. Ya je wani shago a bayan Babbar Kasuwa ya dawo da shi cikin leda mai ƙyalli: faranti kore da ƴar fanka a manne a cikinsa.

Matsala ta fari, katin ya ƙi shiga. Akwatin namu siriri ne, kunnen ƙarfen da ke bayan katin ya fi shi tsawo. Mai walda na bakin kasuwar Lazaret ya yanke kunnen ya lanƙwasa, ya zauna daram. Aka kunna, fanka na juyawa, ekaran baƙi ƙirin. Maigida ya cire ya mayar sau uku, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni da na taɓa auna bayan na'urar nan da tef ɗin ɗinki, na san kowane rami nata. Na leƙa na ga wayar ekaran na nan a tsohon wurinta, ga kuma sabon rami a jikin katin ba kowa. Na nuna masa da baki. Ya sauya wayar, hoto ya fito.

Ranar nan bai huta da ni ba. Na ce masa shekarun da ya yi a jami'a da ma ni aka tura. Na ɗauko almakashi na buɗe wa sabon ramin ƙofa a jikin rigar, na kalmashe bakinsa da kyau, na sa mata, na mayar da ita bife na rufe gilashi.

Hotuna suka dinga buɗewa kamar ana shimfiɗa tabarma. Bayan kamar kwatar awa, sai muka ji fanka ta ɗauki gurnani, zane-zane suka ratsa ekaran, komai ya mutu. Ya jira, ya sake kunnawa, ta tashi, ta sake mutuwa kafin ma ta kai kwatar.

Kuran, wato lantarki, muka fara zarga, don a bazara wutar gari rauni gare ta, ga yawan ɗaukewa. Ya aro regilata mai daidaita wuta wurin maƙwabci, ba ta canza ba. Ya goge ɗan shirin da ke tafiyar da katin ya sake sa shi daga faifai, ba ta canza ba. Ya koma wurin mai shago, aka gwada katin a wata na'ura, lafiyarsa lau. Kwana biyar suka tafi a haka. Ni kuwa faɗa nake yi da kowa: mai shago, mai walda, masu kuran, har Turawan da suka ƙera akwati siriri kamar ƙarfe ya ƙare musu.

Aka yi mana kwatancen wani mai gyara a Kirkissoye, hayin kogi. Na goya akwatin a cinyata a bayan moto, da rigarsa, na rungume. Daga kan gada kogin ya janye, yashi ya fito fili, mutane na tafiya da ƙafa inda a da jirgi ke bi. Wani soja a bakin gadar ya tsayar da mu ya tambayi abin da na rufe. Na ɗaga masa gefen rigar. Ya dubi furannin, ya yi murmushi, ya ce mu wuce.

Mai gyaran Bazabarme ne, dattijo mai tabarau. Da ganin zanen fuskata ya gane ni Bagobira ce, abokiyar wasansa, ya gyara zama. Ya zare rigar da yatsu biyu ya rataya ta a ƙusa, ya kwance murfin gefe, ya juyo da fankar shagonsa kan aikin.

"Mushe," wato malam, ya ce wa maigida da Hausarsa ta Zabarmawa, "kafin in fara, gaya mini gaskiya. Bagobira ya taɓa wannan? In ya taɓa, ba sai na bincika ba."

"Ni na gano wayar da maigida ya kasa gani," na ce. "Kai dai yi aikinka, in ka iya."

Ya bincika ya ce alimantasiyo ce ta yi ƙanƙanta, wato akwatin da ke raba wa sassan na'ura wuta. Kamfani ya sa mata daidai abin da ta zo da shi, ba don ƙarin baki ba. Ya ɗauko wata mai ƙarfi. Ramukan ƙusarta ba su dace da akwatinmu ba, sai da ya huda sababbi. Ya kunna. Daga azahar har la'asar sakaliya ordinatar na buɗe manyan hotuna ba ko gezau. Na ga fuskar maigida ta saki, karo na farko cikin makonni. A hanyar dawowa har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Washegari Juma'a, saura kwana uku. Da safe na sa mata rigarta, na mayar da ita bife, na rufe, na tafi lakkwal. Na dawo da rana na same shi zaune gaban baƙin ekaran, hannuwansa a kan gwiwa. Ya ce sau huɗu ta mutu. Abincin safen da na bar masa na nan a rufe.

"Madam, na gaji," ya ce. "Ƙila ba rabona ba ne. Zan kira yaron nan na Libiya in ce mishi ya fara shirya mini hanya."

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Na ce bari dai ya ci abinci tukuna. Na buɗe bife zan ɗauki kwano daga katakon da ke saman ordinatar, sai hucin zafi ya bugi fuskata. Na taɓa kwanon, zau, kamar yanzu aka zuba masa miya. Na sa bayan hannuna a kan rigar, yadda nake yi wa goshin yara. Ba a daɗe da kashe na'urar ba, amma ban iya barin hannuna a wurin ba. Na ɗaga yadin na ga jerin ƙananan ramukan shan iska a gefen akwatin, daidai saitin sabon katin, kuma daidai nan na yi babban furen da na fi alfahari da shi, zare kan zare. Na tuna shagon Kirkissoye: riga a ƙusa, murfi a buɗe, fanka na kaɗawa.

Na daɗe a durƙushe. Tsohuwar na'ura ba ta da zafi, shi ya sa ta jure shekara biyu. Katin nan kuwa wuta yake ci yana fitar da zafi, ni kuma kullum sai na lulluɓe shi na rufe masa ƙofa a tsakiyar bazarar Yamai. Kwana bakwai ina zagin mutanen Allah. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini haka ba, kuma faɗin laifina da bakina ba abin da na saba ba ne.

"Maigida," na ce, "taho ka taɓa nan. Ni ce. Rigag ga ce da bihen ga, sun hana ta lumfashi. Ni nika kashe maka ita kullum."

Ya zo ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Na jira ya ce wani abu mai zafi, don da ni ce da na faɗa. Ya dubi ramukan, ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, idanunsa na kawo ruwa. Ya ce shi da ya yi karatun ya kamata ya gani, amma ya saba ganinta da riga har ya manta ba da ita aka ƙera ta ba. Ya ce abu ɗaya zai roƙe ni, kada Bazabarmen nan ya ji.

Ni ban yi dariya ba. Na fizge rigar, na fita na cusa ta cikin kwandon shara na bakin ƙofa, kan ɓawon albasa da toka.

Muka ɗora akwatin a kan tebur, muka cire murfin gefe, muka juya masa fankar ɗakinmu. Kwata ta wuce, awa ta wuce, yana aiki. Da rana ta take, iskar fanka ta zama zafi, sai na jawo kujera ƴar tsugune na ɗauki mafici ina yi wa katin fifita. Asabar da Lahadi haka muka yi su. In an ɗauke kuran mu zauna mu jira, in an dawo da shi ya koma kan zane, ni in koma kan mafici har hannuna ya sage in sauya ɗaya. A yinin ƙarshe ya kira ni ya nuna mini wani ɗigo ja a gabashin taswirar, ya ce rijiyar garinmu ce, tana cikin waɗanda ya sa a fara dubawa. Na ci gaba da fifita.

Ya kai aikin ranar Litinin. Suka ce a jira mako guda. Makon nan ban iya cin abincin kirki ba, don na san in suka ce a'a, kwanakin da na ɓata masa na cikin dalili. Jakar na nan a ƙarƙashin gado, ina shara ina kewaye ta.

Ranar da amsa ta fito, ya dawo da azahar, ya jingine moto, ya sha ruwan randa kofi biyu kafin ya yi magana. Ya ce sun ɗauke shi. Na zauna a bakin gado.

"Jakar nan da kike ta kewayewa," ya ce, "ki kwance ta."

Ashe ya san na sani. Na jawo ta na zuge. Riga ɗaya, ta biyu, ta uku, takardu. A can ƙasa na ga yadi shuɗi, an wanke shi, an goge, an ninke, jan furen na sama. Da sauran ɗan tabon toka a gefe da wankin bai fitar ba, wankin namiji. Na ɗaga na tambaye shi me wannan ke yi a nan.

"Ban san me za su ce ba," ya ce. "In da tafiyar ta kama, can ba wanda zai ɗinka wa kayana riga."

Na rufe fuskata da rigar na yi kukan da na riƙe tun ranar da tsintsiya ta taɓa jakar. Shi kuma ya zauna kusa da ni, ya ɗauki mafici a kan tebur yana yi mini fifita.