Na'urar da Yaya Isiyaka Ya Zaɓa

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Yaya Isiyaka, kuma da ba don taurin kansa ba, da ba ni nake wannan rubutun ba.

Mutumin Zangon Takoradi ne ta ƙasar Gana, ni kuwa Bakano mai loda kaya a Port Saeed, a Dubai. Ɗaki ɗaya muka zauna a Abu Hail. Aikinsa kula da jirgin ruwan wani Balarabe, irin mai ƙyallen da iska ke turawa. Ni ruwan da ya wuce bokiti ma tsoronsa nake ji, amma duk Juma'a sai ya ja ni teku.

Wata rana maigidansa ya ce ya zaɓo na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, otofailot. Ya tafi da ni don na iya ciniki. Ina shiga shagon idona ya faɗa kan wata mai allo mai launi da maɓallai kamar rediyon ango. Na ce halas, shi ke nan, mun samu. Ko kallonta bai yi ba. Tambayoyinsa uku ne: nauyin jirgin da take iya ɗauka, yadda take shan batir, da ko akwai kayan gyaranta a nan kasuwar Dera. Ya ɗauki wata mummuna mai maɓalli kaɗan, wadda ake ɗaurewa a ƙasan jirgi. Na yi ta yi masa tsiya har gida.

Gwajinsa ma nasa ne shi kaɗai. Ya jira ranar da teku ya yi fushi, ya saita ta, ya kabbara La'asar.

"Bakano," ya ce da ya sallame, "wadda ba za ta riƙe min jirgi raka'a huɗu ba tare da na waiwaya ba, ba na so. Yalla, zo ka koyi maɓallan nan."

Na koya ina gunaguni.

Bayan wata bakwai, muna dawowa da rana tsaka, mu biyu kacal, ƙirjinsa ya riƙe. Da sauran ƙarfinsa ya naɗe ƙyallen, ya tayar da inji, ya saita hanya. Ya ce kada in taɓa sitiyari, in yi ta kira a rediyo kawai. Iska ta taso, ruwa na dukan mu ta baya, ina kuka ina kira. Na'urar nan ba ta kauce ba har masu ceto suka iske mu a hanyar da na faɗa musu. Shi ya riga ya cika, kansa a cinyata.

Yau a shagunan nan matasa na nuna yadda ake juya jirgi da waya. Na san da Yaya Isiyaka na nan, zai saurare su da ladabi, sannan ya tambaya, in ruwan gishiri ya taɓa wayar fa? Ni ma yanzu haka nake sayen komai, har abokan kasuwa na ce min tsoho.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Na gode masa, godiyar da ban samu na faɗa masa yana ji ba. Lokacin da ya rasu matata na da ciki wata shida a Kano. Bana yarinyar ta shiga makaranta, kuma ni na riƙe hannunta na kai ta.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.