Jirgin da Ya Fi Koginmu Girma

Edita, gaisuwa gare ka da masu karatunka. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni mai fito ne a bakin kogin Kaduna, can ƙasa da Unguwar Rimi, inda gidaje masu katanga suke ƙarewa hanya ta gangara zuwa ruwa. Na ɗan haura arba'in, ina da iyali, ina kuma da kwale-kwale ɗaya na katakon maɗaci da na gada wurin mahaifina tare da mashiginsa. Mashigi shi ne wurin da kake ɗaukar mutane kana tsallakar da su, kuma a wurinmu ba a saye ba a sayarwa. Sarkin jirgi, wato dattijon da ke shugabantar masu fito, shi ke ba mutum, ya zauna a hannun gidansu muddin ba su bar jama'a tsaye a gaɓa ba. Ranar da mutum ya bar mashigi babu jirgi har aka kai kuka, sai a miƙa wa wani. Mahaifina ya riƙe namu tun kafin a haife ni, ba a taɓa kai ƙararsa ba. Ni ma ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, na iya aikina. Duwatsun kogin nan na san su kamar ɗakunan gidanmu, na san wanda ke fitowa da rani da wanda ke ɓuya yana jiran baƙo.

Yawancin waɗanda nake ɗauka masu lambu ne. Suna zaune a ɓangarenmu, lambunansu suna fadamar tsallake. Da asuba nake kai su, su yanko alayyahu da latas da karas, in dawo da su da wuri su kama hanyar Babbar Kasuwa kafin rana ta taɓa ganyen. A cikinsu akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya. Tun zamanin mahaifina take shiga jirginmu, kuma duk ranar duniya in za ta sauka, bayan kuɗin fito sai ta ajiye ɗaurin alayyahu a gindin katakon da matuƙi ke zama. Da miyar alayyahun Iya aka yi renona, da ita na reni 'ya'yana.

Bikin ɗan wani abokina ne ya kai ni Yauri, kuma daga nan hankalina ya tashi. Na ga jirage a kogin Kwara, dogaye, masu fenti, masu inji a baya, ana loda musu babura da buhuna da mutane suna tsaga ruwa ba gora ba filafili. Matuƙin yana zaune abinsa, hannu ɗaya a kan inji, ko gumi babu. Na tuna kafaɗuna da kantar da ke tafin hannuna. Da na dawo gida na dubi kwale-kwalen mahaifina sai na gan shi kamar akushi. Na gaya wa matata niyyata, ta tambaye ni ko kwale-kwalen ya taɓa hana mu cin tuwo, na ce mata harkar ruwa ba ta mata ba ce. Na je wurin sarkin jirgi, wanda aminin mahaifina ne kuma Baba nake ce masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mini kogin mutanen Yauri daban, namu daban. Nasu faɗi ne da zurfi, namu dutse ne da yashi, kuma da damina kawai yake cika baki. Ya ba ni shawara in jira rani in sake duba kogin kafin in taɓa kuɗina. Na yi masa godiya, amma a zuciyata na ce tsoron tsufa ne. Na sayar da filin da na saya don gina wa yara gida, bai isa ba, na haɗa da kwale-kwalen mahaifina na sayar wa wani mai haƙar yashi.

A bayan babbar mota aka kawo jirgin, farkon damina. Ranar kuwa bakin kogi ya cika, har ma'aikatan da ke wucewa a motocinsu sai da suka tsaya kallo. Gaskiya damina ta yi mini daɗi, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa. Lokacin da kogi ya kawo ya yi jawur, kowane mai kwale-kwale ya ja nasa gefe, ni kaɗai nake tsallakawa. Na ɗauki babura, na ɗauki awaki, na ɗauki buhunan taki. Akwai ranar da aka yi rasuwa a tsallake, dangin mamaci suka taru a gaɓa ruwa ya tare su, na kwashe su duka a sahu ɗaya suka sami jana'iza. Ban karɓi ko kwabo ba, don mahaifina bai taɓa karɓar kuɗin fito daga masu zuwa jana'iza ba. Daga ranar aka fara ce mini Kyaftin. Sunan ya shiga kaina sosai, har hula na canza.

Abin da ban lissafa ba shi ne cikin jirgin. Kwale-kwale ba ya cin komai sai ƙarfin mai shi, wannan kuwa kullum da yunwa yake tashi. Ko mutum biyu zan kai sai inji ya sha fetur ɗinsa, ga fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ga baƙin mai, ga fulogi. Da injin ya fara tari na rasa bakaniken da ya san irinsa a kusa, masu gyaran babur suka yi ta koyon aiki a kansa, kowa ya kwance ya ɗaure ya karɓi nasa. Ba na iya barinsa a bakin kogi saboda ɓarayi, kullum da yamma sai in kwance shi in ɗauki Keke Napep in kai gida, da asuba in dawo da shi. Matata ta ce yanzu inji ya fi ta gata, shi ake kaiwa ake ɗaukowa a mota. Da abin ya ishe ni sai na ƙara kuɗin fito. Masu lambu suka yi gunaguni suka biya. Iya ba ta yi gunaguni ba, ta kwance bakin zanenta ta ƙirga ta ba ni, ta ajiye alayyahunta kamar kullum. Wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo.

Sai rani ya zo, kogi ya koma gidansa. Duwatsun da na sani suka fito ɗaya bayan ɗaya, hanyoyin da nake bi da kwale-kwale a tsakaninsu suka yi wa jirgin kaɗan. Farfela ta bugi dutse ta karye, na sa aka kawo wata daga nesa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Wata safiya cikin jirgin ya hau kan yashi ya zauna, muka taru muka tura har muka gaji, ya ƙi motsi. Kafin mako ya zagayo ruwa ya janye ya bar shi a tudu. Nan na koyi wani sabon karatu: jirgin katako in ya zauna a rana, katakan sukan bushe su buɗe baki. Na saya masa zana na rufe shi, na saya kwalta da tsumma ina toshe tsaga, safe da yamma ina ɗibar ruwa a bokiti ina kwara masa. Matata ta ce da latas nake ba ruwa haka, da tuni mun zama masu lambu. Masu ce mini Kyaftin suka ci gaba da faɗa, amma yanzu da dariya a ƙarshensa.

Babban abin shi ne, rani ne lokacin lambu. Lokacin da aka fi bukatata shi ne lokacin da ba ni da jirgi. Ruwan ya ragu, amma akwai gurbi mai zurfi a tsakiya da ba ya ratsuwa da ƙafa. Masu ƙarfi suka koma zagayawa ta gada, su biya mota zuwa da dawowa, su isa kasuwa ganye ya yi yaushi a saya a wulaƙance. Iya ba ta da kuɗin zagaye, ba ta da ƙafar tafiya. Wata safiya ina cikin ban ruwan jirgina na hango ta zaune a gaɓa da kwandonta babu komai a ciki, tana kallon tsallake. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ba wani abu ya kawo ta ba, ƙafa ce ta saba. Ta ce latas ɗinta dai ya ƙone, saura alayyahu, shi yana da ɗan haƙuri. Sannan ta ce jirgin mahaifina bai taɓa tambayar ko kogi ya cika ko bai cika ba. Na tashi da bokitina.

A ranar bayan la'asar Baba sarkin jirgi ya aiko kirana. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma tuna mini shawarar da na ƙi ba. Ya ce an kawo kuka, kuma wannan ne karo na farko da aka ambaci gidanmu a gabansa. Ya ce saboda mahaifina zai jira ni zuwa tsayuwar sabon wata. In wata ya tsaya babu jirgina a kan ruwa, zai ba wani mashigin, kuma akwai masu so. Na fito na kama hanyar gida. Abokai suka ce in haƙura da mashigi in riƙe jirgi, damina na zuwa, zan nemi wani wuri. Na nemi mai saye, duk wanda ya zo sai ya dubi jirgin ya dubi kogin ya yi mini sallama. Na tafi wurin mai yashi in roƙe shi ya mayar mini da kwale-kwalen mahaifina ko nawa ne. Na tarar nauyin yashi ya karya shi tuni, an farfasa katakan an yi rumfa da wasu, an hura wuta da wasu. Abu ɗaya ya rage, katakon da matuƙi ke zama, wanda zaman mahaifina da nawa ya goge har yana sheƙi. A kansa mutumin yake zama yana cin abinci. Da ya ga yadda nake kallonsa sai ya tashi ya miƙo mini, ya ce ba zai karɓi komai ba. Na rungumo shi zuwa gida, kuma ba na ɓoyewa, na yi hawaye a hanya.

Washegari na sayar da injin a yadda aka taya, na kira kafinta mai haɗa kwale-kwale na ce masa mu farke jirgin. Ya ɗauka wasa nake, ya ce ba a taɓa sa shi ya rushe lafiyayyen jirgi ba. Na karɓi guduma daga hannunsa na cire ƙusar farko da kaina, da rana tsaka, a gaban duk masu dariya. Ban ɓuya ba, ban jira dare ba. A duk abin da na yi a rayuwata, wannan na fi alfahari da shi. Katakon kuwa mai kyau ne, mutanen Yauri ba su cuce ni ba, ni na kawo kayansu inda ba nasu ba. Kwale-kwale biyu suka fito daga cikinsa, na ba ƙanina ɗaya. A nawa na sa kafinta ya kafa katakon mahaifina a mazaunin matuƙi. Mun yi aiki ba hutu, matata da kanta take kawo mana abinci bakin kogi, kuma a kwanakin nan ko sau ɗaya ba ta zolaye ni ba.

Ana gobe za a duba wata na tura sabon kwale-kwalen ruwa da asuba. Iya ce ta fara shiga. Ta bubbuga gefensa da tafin hannu ta ce wannan ne sa'an kogin. Na sanar da kowa cewa kuɗin fito ya koma yadda yake a da. Ina shirin dafa gora sai ga Baba sarkin jirgi da sandarsa, ya ce in tsallakar da shi. Na san ba shi da lambu, ba shi da kowa a tsallake. Ya shiga ya zauna, muka je muka dawo bai sauka ba, bai kuma yi maganar mashigi ba, har yau bai sake yi ba. Da Iya za ta sauka ta ajiye ɗan ɗaurin alayyahu, duk ya yi ja saboda ƙishirwa, a gindin katakon.

Filin yara ya tafi, har yanzu haya muke, kuma wannan yana damuna duk ranar da na wuce na ga ginin da wani ya ɗora a kansa. Latas ɗin Iya na shekarar nan ma ba ni da hanyar mayar mata da shi. Amma mashigin mahaifina yana hannuna, kuma ban bar shi ya faɗi don kare sunan Kyaftin ba. Har yau ana kirana da sunan, ina amsawa da fara'a, don na biya kuɗinsa.

Ga mai karatu, ko jirgi kake hange, ko babbar mota, ko shago mai ƙofa biyu, ba na hana ka nema, Allah ya sa ka fi haka. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Kada ka tsaya kan kuɗin saye, ka tambayi abin da zai ci a ranar da ba ya aiki, ka tambayi su wa za su tsaya a gaɓa in ya zauna. In kuma ka riga ka faɗa, kada kunyar mutane ta sa ka yi ta ba busasshen katako ruwa, ka ɗauki guduma tun da sauran abin ceto. Ni da damina na auna kogina, shi ya sa na sha wuya. Kai ka je ka duba naka da rani.