Sauraron Rana a Dabaga

Agadas

Bayan sallar asuba muka tashi a motar kat-kat ta kawuna Illa, da tsohon kwanon parabol, irin na kama tashoshin talabijin, ɗaure a bisa. Aikina binciken sararin samaniya ne, sai dai ni saurare nake yi: rana da taurari suna aiko igiyoyin rediyo, mu kuma mu kama mu auna. Hutu na zo gida, sai Mushe Agali (haka muke kiran malami), abokin karatuna tun lise, wato sakandare, ya kira ni. Shi kaɗai ke koyar da kimiyya a kolejin Dabaga. Ya ce ya gaji da zane a allo yara na hamma, ƙarshen wata zai tafi haƙar zinariya. Na roƙe shi ya ba ni yini ɗaya da ɗalibansa.

A shingen fita gari jandarma ya zagaya motar.

"Madam, wannan na kallon ƙwallo ne?"

"Na jin rana ne."

Ya duba takarduna, ya ɗaga igiya. "To, in ta yi magana ku gaishe ta."

Azel

Daga nan rairayi ne da duwatsu, muna bin gefen ƙoramar Telwa. Muka tsaya muka sha shayi da burodi na dala hamsin. Kawu ya nuna gabas da haɓa.

"Hadiza, hadari ne fa. Ranar taki za ta ɓuya."

Dabaga

Da hantsi muka ratsa garaken albasa muka iso. Sama ta rufe ruf. Ɗalibai sun cika fili, Agali ya tarye mu fuska ba walwala.

"Kin gani ko? Har gajimare bai son kimiyya a garin nan."

Na haɗa kwanon da batir da ɗan akwatin awo mai allura da lasifika. Na ce masa shi zai juya, ba ni ba. Ya fuskantar da shi yamma, sai 'yar shiii siririya. Ya yi ta karkato shi a hankali zuwa inda rana ta kamata ta kasance. Allura ta zabura, ƙarar ta cika filin. Agali ya kauda kwanon, ta lafa. Ya maido, ta tashi.

Wata ɗaliba, Fatimata, ta ce, "Ke nan gajimare bai tare ta?"

"Tambayi malaminki," na ce.

Bai gama amsawa ba ta gifta gaban kwanon, allura ta motsa. Ta yi tsalle baya tana salati. Agali ya ce duk abu mai ɗumi yana aika irin wannan igiya, har jikin mutum. Nan da nan aka yi layi. Wani ma ya jawo akuya. Har azahar Agali na bayani, murya ta dishe.

Muna cin shinkafa da cuku na ce wa Agali na bar masa kayan. 

"Zan kai yaran jarrabawa," ya ce. "Bayan nan Allah ya sani. Amma nuna mini yadda za mu riƙa auna rana kullum."

Komawa

Kawu ya matsa mu wuce kafin ruwa ya sauko ƙorama. Mun ƙetare ke nan yayyafi ya soma. Kafin magariba muka hango hasumiyar masallaci. Inna ta miƙo mini fura, ta ce in wanke ƙafa tukun. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, da kawu Illa da ya ƙi karɓar kuɗin mai.