Azara da Jikar Wani Sarki na Japan

A 2001 Azara ta bar Kumasi, ta bar 'yarta Hikma mai shekara huɗu a hannun mahaifiyarta, da cewa shekara biyu kacal za ta yi. Ta isa ƙasar Turawa, ta kama ɗaki a unguwar Gorton, ta sami aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Cikin waɗanda take dubawa har da Madam Fumiko, wata tsohuwa 'yar Japan da ke unguwar Withington, wadda mijinta Bature ya daɗe da rasuwa. A bangon falonta akwai hoton wani saurayi da takubba biyu a ƙugu, fuskarsa ba walwala.

"Kakana ne," in ji Madam wata rana, Azara na taje mata kai. "Sarki ne, da ƙasarsa da mayaƙansa. Amma akwai wani shugaban yaƙi a birnin Edo da ya fi ƙarfin sarakuna duka. Dokarsa ita ce, kakana ya yi shekara a Edo, ya yi shekara a ƙasarsa. Iyalinsa kuwa ba sa fita daga Edo."

"To, Madam, ina ne gidansa ke nan?"

"Shi ma bai sani ba. In yana ƙasarsa kewar 'ya'ya, in yana Edo kewar duwatsun garinsu. Da mulkin ya rushe aka karɓe ƙasar. Har ya tsufa, duk baƙon da ya zo daga can sai ya tambaye shi ko koginsu ya kawo ruwa bana."

Azara ta ajiye mataji, ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Madam ta rasu a 2006. Shekara na zagayowa takardun izinin zaman Azara suka fito, ta je Kumasi. Hikma ta yi tsawo. Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, Anti." Azara ta amsa, ba ta gyara mata ba. Mako uku tana yi mata kitso, tana raka ta makaranta, sannan hutu ya ƙare, ta koma Gorton.

Sau biyu ta nema wa yarinyar biza, sau biyu aka ce ɗakinta ya yi kaɗan. Ta ƙara awannin aiki, tana jiran council, wato hukumar gari, ta ba ta gida mafi girma. Duk Lahadi takan hau bas zuwa unguwar Rusholme ta sayi katin waya. Hikma ba ta da yawan magana, don haka Azara kan sa ta karanto mata darasin makaranta, ita kuwa tana saurare har katin ya ƙare.